Tunkiyar da Gam Ya Rufe

A wani ƙauye da ke gindin dutse akwai wani manomi wanda ya tsufa da fartanya a hannu. Sunan ƙauyen ya kwanta mini, amma ba kome, gama abin da ya faru a can yana iya faruwa a kowane gida. Matarsa sunanta Afiniki. Autarsu kuwa, Briskila, tana aure a hayin rafi. Ana nan, sai Ubangiji ya sauki Briskila lafiya, ta haifi ɗa namiji.

Afiniki ta rangaɗa guɗa har muryarta ta dushe. Ta ce, "Maigida, na yi sabon miji. Sai ka nemi inda za ka koma."

Manomin ya ce, "Mijin da ba shi da haƙori ko ɗaya? Je ki, mu ga abin da zai noma miki."

Da dariya ta lafa, sai ya shiga tunanin abin da zai kai ranar suna. Ya san mata za su kai zannuwa da sabulu da 'yan huluna. Sabulu yakan ƙare, hula takan yi kaɗan. Shi yana son abin da yaron zai girma ya tarar.

To, a ƙasan akwatinsa na ƙarfe akwai wata takarda da ya ɓoye shekara ashirin da biyu. Tun Briskila tana 'yar shekara shida ta zana tunkiya da fensir a makarantar Lahadi, ta kawo masa da gudu. Tunkiyar tana da ƙafa biyar da kunnuwa irin na jaki. Ita kaɗai ce, babu wata irinta a duniya. Ya ƙudura a ransa zai mai da ita adon bango, ya kai wa jikansa.

A da can, mata sukan ƙawata bango da faya-fayai da jeren tasoshi, magina kuma su ja zane da yatsa tun laka tana ɗanya. Kyakkyawan abu ne, yanzu ba a cika ganinsa ba. Amma Afiniki ta koyi wani sabon aiki a zumuntar mata: a yanka hotunan takarda, a manna su a kan katako, a shafe su da gam har su zama kamar fenti. Sai manomin ya tambaye ta yadda ake yi. Ya same ta tana ɗaura ɗankwali, tana sauri za ta je ta dafa wa maijego ruwan wanka.

Ta ce, "Ka yanka, ka jera, ka manna. Sa'an nan ka shafe samansu duka da gam. In ka shafa, za ka ga..."

Ya ce, "Na gane, na gane. Mutumin da ya yaɓe rumbu goma, takarda ce za ta gagare shi?"

Ta dube shi, ta kaɗa kai, ta tafi.

Ya je wurin kafinta, aka ba shi gogaggen katako mai faɗin faifai biyu, da farin gam a gwangwani, da ɗan buroshi. Ya zauna a inuwar rumbu da almakashin matarsa. Yatsunsa sun yi wa almakashin kauri, sai da ƙyar suka shiga. Kwana uku yana yanka. Ya yanko tsuntsaye daga tsohuwar kalanda, ya yanko furanni da tumatir daga takardun irin shuka, ya tsattsaga koriyar takardar sabulu ta zama ciyawa. Da ya zo jerawa, sai ya jera furannin layi-layi kamar kunyoyin gona, gama bai san wani irin jeri ba. A tsakiya ya manna tunkiyar, yana lallashe ta da ɗan yatsa har ta kwanta sumul. Ya ja da baya ya duba, sai ya ji daɗi ƙwarai.

A rana ta huɗu da hantsi ya tsoma buroshi, ya shafe katakon tun daga sama har ƙasa. Da ya ɗaga hannu, sai gabansa ya faɗi. Kome ya ɓace. Katakon ya yi fari fat, kamar an kifar da ƙwaryar kindirmo a kai. Ba tsuntsu, ba fure, ba tunkiya.

Ya ce, "Wayyo, na kashe tunkiyar Auta!"

Ya zabura ya ɗauko tsumma, ya tsoma a randa, ya fara gogewa daga gefe. Takarda kuwa ta riga ta jiƙe. Yana gogawa, sai fiffiken wani tsuntsu ya naɗe, ya yage, ya biyo tsumman. Maimakon ya tsaya, sai tsoro ya ce masa ya yi sauri ya ceci tunkiyar tun gam bai kama ta ba. Ya ɗaga tsumman ya nufi tsakiya.

Daidai nan Afiniki ta shigo. Ta yar da ƙwaryar da ke hannunta, ta kama wuyan hannunsa.

"Maigida! Ajiye tsumman nan!"

"Sake ni, Afiniki. Ba ki ga ta nutse ba?"

"Ba ta nutse ba, tana nan. Abin da nake gaya maka ke nan ka ce ka gane. Gam ɗin fari ne in yana ɗanye. In ya bushe sai ya zama garau kamar gilashi. Shi ne zai tsare ta daga laima da gara."

"In kuma bai zama garau ba fa?"

"In ka goge, ka tabbata ta yage. Dubi tsuntsun nan."

Ya dubi tsuntsun, ya dubi tsumman. A hankali ya sake shi ya faɗi ƙasa.

Ya ce, "To, me zan yi yanzu?"

Ta ce, "Babu."

"Babu kome?"

"Ko kaɗan. Zauna."

Ta ɗora katakon a kan turmi a inuwa, ta kife kwando a kai saboda kaji. Ta kawo masa gyaɗa cike da tasa, ta ce ya ɓare, don hannuwansa su sami abin yi. Sau uku yana tashi ya leƙa, ko sau huɗu ne, kowane tashi kuwa sai ta ce daga bakin murhu, "Ina ganinka, mai rumbu goma." Sai ya koma ya zauna.

Da rana ta karkata, suka ɗaga kwandon tare. Gefen katakon ya fara washewa. Ga tumatir ja wur, ga ciyawa. Tsakiya tana nan da sauran fari, amma wani ɗan baƙin layi ya ɓullo. Manomin ya durƙusa, ya kafa ido. Hanci ya fito. Kunnuwa suka fito. Sa'an nan ƙafafu, ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa da ƙarfi har biyar. Tunkiyar tana ƙyalli, ta fi yadda take a akwati kyau. Tsohon ya tashi ya taka rawa a tsakar gida, kaji suna watsewa.

Afiniki ta bar shi ya gama, sa'an nan ta ce, "Gobe za ka sāke shafawa. Jibi ma haka."

Ya ce, "In sāke rufe ta?"

"Sau uku ake yi."

Kashegari ya manna hoton ganye a inda tsuntsun ya yage, ya shafa na biyu, zuciyarsa tana ɗan bugawa. Ran na uku kuwa yana shafawa yana waƙa.

Ranar suna gidan Briskila ya cika. Fasto ya yi addu'a, aka raɗa wa yaro suna Habila. Mata suka tara zannuwa da sabulu. Sa'an nan manomin ya matso, ya kwance zanen da ya naɗe kyautarsa, ya miƙa wa 'yarsa. Briskila ta duba. Can sai ta dafe ƙirji.

"Baba! Tunkiyata ce! Ashe tana wurinka?"

Ya ce, "Kiwo kika ba ni, Auta. Yau na dawo da ita ga mai gādo."

Tana dariya, hawaye yana zuba. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Wannan tunkiya ce ko jaki?" Ɗaki ya ɗauki shewa. Mijin Briskila ya kafa ƙusa a bango, daidai inda jariri zai gani in ya buɗe ido, aka rataye ta a can.

Ga ma'anar wannan misali, ya ku ƙaunatattu. Tunkiyar takarda ita ce abin nan mai daraja da kowannenmu ya danƙa a hannun Ubangiji: ɗan da kake yi wa addu'a, auren da kike riƙe da shi, aikin da ka fara da sunan Allah. Sau da yawa, in Ubangiji ya sa hannu zai tsare abu, da fari yakan yi kamar ya rufe shi. Ka duba, ba ka ga kome ba. A nan ne tsoro yakan miƙo mana tsumma. Sai mu yi maganar da ba ta kamata ba, mu janye abin da muka riga muka bayar, mu yaga da hannunmu abin da ake cikin adana mana. Ku lura, gam bai ɓata wa manomin kome ba. Abu ɗaya da ya yage, tsummansa ne ya yaga shi.

Ku lura kuma, ba shi ya tsai da kansa ba, wata ce ta kama hannunsa. Saboda haka kada ku ji haushin wanda ya ce muku ku dakata. In kuwa kun ga ɗan'uwa ya ɗaga tsumma, ku kama hannunsa da ƙauna, ku zauna tare da shi har abin ya washe.

Watakila akwai wani a cikinmu yau wanda ya duba nasa katakon da safen nan, ya ga fari kawai. Ɗan'uwana, abinka yana nan, bai ɓata ba. Bai bushe ba ne tukuna.