Gizo da Maganin Ciyawa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, ta wuce.

Gizo dai kun san shi da ƙyuya. Da damina ta faɗi, ya ƙi ɗaukar fartanya, ya sayo maganin ciyawa ya feshe gonar shinkafarsa. Da ya gama, sai ya wanke famfon feshin a kududdufin da uwar kwaɗi ke rainon 'ya'yanta.

Kwana uku, 'ya'yan da ko jela ba su yar ba suka taso saman ruwa a mace.

Uwar kwaɗi ta sami Gizo ta ce, "Haba Gizo! Duk faɗin fadamar nan ka rasa wurin wanki sai ɗakin 'ya'yana?"

Ya ce, "Maganin ciyawa ne fa. 'Ya'yanki ciyawa ne?"

"Fatarsu tsotsar ruwa take kamar tsumma, kai!"

"Ke dai kin cika mita."

Ta kwashi sauran 'ya'yanta ta bar fadamar. Da aka rasa mai lashe ƙwari, fara da tsutsa suka far wa shinkafa. Gizo ya bi ta yana kuka: "Inna, dawo ki cinye su!"

Ta ce, "Shinkafarka 'yata ce?"

Ƙurunƙus kan ɓera! Ba don Gizo ba, da na yi muku ƙarya.