Turken da Gwaggo Ta Tuge

Kun taɓa tambayar kanku yadda manhajar waya take gane abin da ya canja bayan ta daɗe babu netwok? Ba ta sake kwaso komai daga farko. Abin da aka yi wa alama kaɗai take ɗauka. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma tana da rami. Ku saurara.

Akwai wani mutum mai awaki da yawa, ya ba gwaggonsa kiwonsu a hayin kogi. Da damina ana ɗaure kowace akuya a turkenta don kada ta shiga gonar mutane. Kogin kuma yakan cika, sai ya ɗan janye mutumin yake samun hayewa, kuma dole ya juyo da wuri kafin ruwa ya sake tare hanya.

Da ya ga duba awakin ɗaya bayan ɗaya yana cinye masa yini, sai ya kawo wa gwaggo shuni. Ya ce, "Gwaggo, wadda ta haihu, ko ta yi ciwo, ko ta ƙi cin ciyawa, ki shafa mata wannan a ƙaho. In na zo, masu shuni kaɗai zan duba."

Gwaggo ta yi dariya. "Ɗan nan, ƙiwuyarka ma da ilimi take tafe. To, na ji."

Haka suka yi ta yi, aiki ya yi sauƙi.

Ran nan wata jar akuya mai ciki ta tsinke igiya ta ɓace. Gwaggo ta yi kira har muryarta ta dushe, ƙafafunta kuwa ba sa kai ta nesa. Itace duk ya jiƙe, sai ta tuge turken jar akuyar da ya rage wofi, ta hura wuta da shi. A ranta ta ce ai mai abu ba ya kasa gane abinsa.

Washegari mutumin ya hayo yayin da gwaggo ta tafi yankan ciyawa. Ya duba masu shuni, ya ba su magani, ya ga babu turken da yake wofi. Ya koma gida da farin ciki.

Sai a zuwansa na gaba gwaggo ta tare shi. "Ka samo jar?"

"Wace jar?"

Ya bazama jeji. Ya tarar da ita a cikin wani tsohon rami bayan gonar dawa, ta riga ta mutu, ga alamar kofatanta a jikin ramin inda ta yi ta ƙoƙarin fitowa. Da ya neme ta a wancan zuwan, da ya same ta da rai.

Gwaggo ta fashe da kuka. Ya durƙusa gabanta ya ce, "Ba laifinki ba ne. Ni ne na ce ki shafa wa ƙaho, ban faɗa miki inda za ki shafa in babu ƙahon ba. Daga yau, in akuya ta ɓace, ki bar turken a tsaye, shi za ki shafa wa shunin."

Ma'anar wannan misali ita ce: awakin su ne mu, 'yan ikkilisiya. Wanda ya zo da rashin lafiya ko makoki, muna ganin shuninsa, mu yi masa addu'a. Amma wanda ya daina zuwa ba shi da inda za a shafa masa alama. Masu gina manhaja ma sun sha wannan: abin da aka goge, in ba a bar shaidarsa ba, wayar da ke nesa ba za ta taɓa sanin ya tafi ba. Mu kuwa mukan matsa mu cike gurbin mutum a kan benci, shi ke nan mun tuge turkensa. Allah bai manta da shi ba, mu ne muka manta.

Yau kafin ku fita, ku tuna wanda a dā yake zama kusa da ku. Kada ku aika a gaishe shi. Ku taka da ƙafarku ku yi masa sallama kafin Lahadi mai zuwa.