Nomau da Gonar da Wuta Ta Shafe

An yi wani mutum a wani ƙauye, can a zamanin da, ana kiransa Nomau. Ƙauyen yana gindin wani dutse ne mai numfashi. Da safe farin hayaƙi kan tashi a kansa a hankali, kamar wata tsohuwa ce ke hura wuta a cikin gajimare.

Wata shekara dutsen ya yi aman wuta. Bai cinye ƙasar duka ba, gefe guda ya malala. Narkakken dutse ya gangaro ja wur, yana tafiya kamar kunu mai kauri. Ya shafe kwari, ya shafe tudu, ya shafe gambar da ake shukawa a iyakar gonaki. Mutane suka gudu. Da suka dawo, ƙasa ta yi sabuwar fuska.

To, ku saurara. Gonar Nomau ta koma baƙin falalen dutse, fartanya ba ta kama shi. Ta maƙwabcinsa Jatau kuwa toka ce ta sauka mata, ta yi laushi kamar gari. Jatau ya rasu a wajen gudu, matarsa Tasalla ba a san inda ta nufa ba.

Ranar sake rabon gonaki mai unguwa ya ce, "Nomau, nuna taka."

Matarsa Ladingo ta ja gefen rigarsa. "Malam, gamba ta ƙone, wa ya sani? Da dutse zan tuƙa wa yaran nan tuwo?"

Nomau ya dubi ƙasar mai laushi, har ya ga dawa tana kaɗawa a kanta. Sannan ya ce, "Gamba ta ƙone, Ladingo, amma ni ban ƙone ba." Ya nuna baƙin dutse. "Ga tawa, ranka ya daɗe."

Ya riƙa ɗebo ƙasa a kwando yana zubawa a tsagar dutse, yana shuka gero. Suka ci kaɗan, suka kwana da yunwa, suka ci kaɗan.

Wata damina sai ga Tasalla da marayunta, duk sun rame. Ta tarar da sabuwar gamba a jere.

Ta dubi Nomau ta ce, "Malam, wa ya shuka wannan?"

"Inda Jatau ya bar ta na mayar da ita. Shiga gonarki."

Jama'a, Allah yana iya sauya fuskar ƙasa da safiya ɗaya, amma haƙƙi ba ya ƙonewa. Kai da ka san iyakar ɗan'uwanka, ranar da shaida ta ɓace, kai ne shaidar. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.