Ciroman da Aka Karɓe wa Suna

A zamanin da, can baya da nisa, an yi wani sarki mai suna Jatau, wanda cutar domana ta cinye hatsin ƙasarsa damina uku a jere. Rumbuna suka bushe, mutane suka koma tonon gidan tururuwa suna neman tsaba. Da abin ya kai ana binne yara biyu a rami ɗaya, sai Sarki ya tara fada. Ya ce ya ji a bakin fatake cewa can kudu, bayan babban kogi, akwai mutanen kan duwatsu masu wani irin hatsi da domana ba ta kamawa. Ya umarci Waziri Bawale ya je ya roƙo irin, ya haɗa shi da Ciroma Jibir, ɗan Sarkin, don mutanen su san da girma aka zo musu.

Kwana arba'in suna tafiya kafin su haye kogi. Aka sauke su a gidan wani dattijo mai suna Nzali, mai tsaron rumbun gari, aka kuma samo musu wani tsohon falke Bahaushe da ya daɗe a can, ya zama tafintansu.

Abin da suka gani ya ɗaure musu kai. Gari ba ganuwa. Ba mai durƙusa wa babba, saurayi na kallon tsoho ido cikin ido. In an haɗu da safe ba a tambayar kwana ko gajiya, sai a dafa ƙirji a wuce, don a wurinsu yawan tambaya bin diddigi ne. Tsofaffin mata ke yanke shari'a a gindin wata ƙatuwar bishiya. Matattunsu kuwa a tsakar ɗaki suke binne su, su shimfiɗa tabarma a kai su kwanta.

Waziri duk abin da ya gani sai ya tambayi tafinta dalilinsa. Ciroma kuwa sai tofar da yawu, ya ƙi sa hannu a akushinsu, yana kiransu mutanen daji. Waziri ya ja shi gefe ya ce, "Ranka ya daɗe, baƙo makaho ne ko da idanunsa biyu. Roƙo muka zo, a sassauta." Bai ji ba.

Ran kwana na uku da hantsi, tafinta ya tafi kasuwa, sai ga Nzali ya fito daga ɗaki da wuƙa tsirara a hannu, ya nufi Ciroma kai tsaye, bai ce uffan ba. Kafin Waziri ya miƙe, Ciroma ya zare takobi ya sare shi a wuya. Tsoho ya faɗi gaban matarsa da 'ya'yansa. Da tafinta ya iso ya ga gawa, sai ya ɗora hannu a ka. Ya gaya musu cewa al'adar garin ce, baƙon da ya kwana uku a gidanka ka miƙa masa wuƙar gidan, ma'ana ya zama ɗan'uwa, ba ka da sauran makami a kansa.

Aka kai su gindin bishiya. Babbar cikin tsofaffin ta tambayi Waziri abin da ake yi wa mai kisa a ƙasarsu. Ciroma ya yi masa raɗa ya ce a ce ɗan sarki ba a taɓa shi. Waziri ya ƙi, ya faɗi gaskiya, cewa rai ake biya da rai. Tsohuwa ta ce to, baƙo na da zaɓi: ko hukuncin ƙasarsa da ya sani, ko nasu, amma ba za a faɗa masa nasu ba sai ya zaɓa.

Waziri ya tuna abin da idonsa ya gani. Duk yawon da ya yi a garin bai ga gidan yari ba, bai ga hauni mai sare kai ba, bai ga mai yankakken hannu ba. Ya ce wa Ciroma ya zaɓi nasu.

Tsohuwa ta ce, "Mu ba ma ƙara gawa kan gawa. Ka rage mana mutum ɗaya, kai za ka cike gurbinsa. Daga yau sunanka Nzali. Gonarsa za ka noma, 'ya'yansa za ka ciyar, a kan kabarinsa za ka kwana, kuma ba za ka haye kogi ba har ka mutu."

Ciroma ya faɗi yana roƙon a kashe shi ya huta. Aka tuɓe masa rawani, aka ɗaura masa warkin mamaci. Matar mamacin ta fito da kwandunan iri, ta ce mijinta ya riga ya aune su tun jiya, maganarsa ba za ta faɗi ƙasa ba. Sabon Nzali ne ya ɗauke su a ka har bakin ruwa, ya tsaya nan yana kallon jirgi na tafiya.

Da Waziri ya isa gida ya ba da labari, Sarki ya fusata ya ce a buga tambarin yaƙi. Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, da ɗansu ne ya sare mai masaukinsa a garinka, me za ka yi masa?"

Sarki ya ce, "Da bai kai la'asar ba."

Waziri ya ce, "To, su sun bar maka naka da rai, suka kuma ba ka abin shuka."

Aka mayar da tambari. Aka shuka iri, ya yi kyau, yunwa ta kau. Sarki ya naɗa wani Ciroman, ya hana a ambaci na farko a fada.

Bayan shekara goma sha biyu wani madugu ya dawo daga kudu, ya shaida wa Waziri cewa ya ga mutumin a gona, ya ranƙwafa, furfura ta fito masa. Ya ce ya tsaya a bakin kunya ya kira shi sau uku da sunan da ubansa ya raɗa masa. Mutumin ya ci gaba da noma, bai waiwayo ba.