Kafintan da Ya Kunna Inji a Kan Sallama

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, kafinta ne, kuma ba zan rage masa ba, hannunsa na da kyau. Ƙofar da ya haɗa sai dai gini ya faɗi ya bar ta tsaye. Amma zuciyarsa, wal'iyazu billahi, ta fi katakon shagonsa bushewa.

Bango ɗaya ne tsakaninsa da wani mai walda. Wata rana tartsatsi ya tsallako ya ƙona masa gefen katako. Mai walda ya zo har da cire hula yana ba da haƙuri. Kafinta ya ce shi da shi har abada. Tun daga ranar, duk sanda mai walda ya yi masa sallama, sai ya miƙa hannu ya kunna injin yankan katako, ƙara ta cika shago, don ya ce bai ji ba. Kun ji wayon banza? Wai Allah zai yi wa dabara!

To, kafinta na da ɗa tilo, mai walda na da 'ya. A bakin shagunan nan suka tashi tare. Da suka girma yaron ya ce ita yake so, ita ma ta ce shi. Ya roƙi kawunsa ya kai wa uban maganar. Kafinta ya ce, "In ya auri 'yar wancan, ban yafe masa ba duniya da lahira." Ko sunan maƙwabcin ba ya iya kamawa, sai dai "wancan".

Yaran ma ba zan wanke su ba. Ƙuruciya da gaggawa suka ja su, suka haɗa kaya da safe suka nufi tasha, wai za su garin gwaggonta a ɗaura musu aure a can.

Labari ya iske mai walda, ya jefar da aiki ya ruga. Ya same su cikin mota, saura kaɗan ta cika. Ya ce, "Ɗana, sauko. Na ba ka ita, duniya ta shaida."

Yaron ya ce, "Baba, ai kai ba ka taɓa hana ni ba. Mahaifina ya zo da ƙafarsa ya janye bakin da ya yi mini, wallahi in sauko."

Mai walda ya ce su jira shi. Dattijo ne fa, amma da gudu ya komo, ya tsaya ƙofar kafinta yana haki.

"Salamu alaikum!"

Kafinta ya ɗago, ya ga mai sallamar, ya kunna inji. Mai walda ya sake da ƙarfi. Kafinta ya jawo katako ya danna a bakin zarto. Bawan Allah nan yana ihu, "Ɗanka! Ɗanka!" Shi kuwa motsin baki kawai yake gani, ya ɗauka zagi ne. Da mai walda ya sa ƙafa zai shigo, kafinta ya ɗaga masa guduma, ya tura shi waje, ya datse ƙofa.

Kafin mai walda ya koma tasha, mota ta cika ta tashi. Ba a kira azahar ba labari ya zo: tayar gaba ta fashe a kan gada. Daga yaron har yarinyar ba wanda ya shura.

A maƙabarta mai walda ya gaya wa kafinta abin da ya kawo shi da safe. Kuma katakon nan da ya danna a bakin zarto don kada ya ji, shi mutane suka ɗauko daga shago, aka yayyanka aka jera a kabarin ɗansa.

Kuna kallon wasan kwaikwayo na masoya kuna share hawaye, kuna cewa so ne ya kashe su, ko ƙaddara ce. Ajali na Allah ne, ban musa ba. Amma wa ya kunna injin? So ne ya rufe ƙofa? Gabar manya ce ke cin yara, kamar yadda gara ke cin katakon da bai san hawa ba, bai san sauka ba.

Ina ganin wasu na sunkuyar da kai. Ku ɗago! Wane ne a nan bai da injinsa? Wani waya yake karawa a kunne in ya hango ɗan uwansa, wani tari yake ƙirƙirowa, wani ya sake hanya. Amsa sallama haƙƙi ne a wuyanka, ba alfarma kake wa kowa ba, kuma ba ka san abin da ke bayanta ba.

Kafintan nan yana raye. Matarsa ta bar gidan, inji ya yi tsatsa. Kullum yana zaune ƙofar shago, duk wanda ya gifta, ko bai ce masa uffan ba, sai ya miƙe da sauri ya ce, "Wa alaikumus salam. Me ya faru? Ina ji."

Allah ya kiyaye mu da gaba, ya buɗe kunnuwanmu tun mota ba ta tashi ba. Amin.