Ranar da Hantsi Ya Yaudari Tabawa

Ku gyara zama, ku bar ƙorafin sanyin nan haka. Tun ɗazu nake jin kuna wayyo hunturu, alhali ga wuta a gabanku, ga shayi a hannu. Yau zan ba ku labarin sanyi na gaske, kuma ba don hira na kawo shi ba. Shari'a ce aka ɗora mini, ta fi ƙarfina. Kowa ya kasa kunne, don a ƙarshe sai ya tofa albarkacin bakinsa.

Kun san ƙanwata Tabawa, wadda duk Zariyan nan ba mai raba ta da taurin kai. Watan jiya ta hau jirgi zuwa Kanada, wurin 'yarta Ramlatu mai cikin fari. Da a kusa ne, da yarinyar ta zo gida wankan jego. Tunda hanya ta yi nisa, uwa ce ta bi ta. Ramlatu ta sauka lafiya ranar Asabar, 'ya mace. Sai dai jaririyar ta zo da shawara, aka riƙe su a asibiti. Mijin, Sabi'u, ya kai Tabawa dubiya sau biyu a motar bas, ta haddace lambar motar, ta ga ai ta gama sanin gari.

Ranar Talata Sabi'u ya fita aiki, ya ce mata, "Inna, kada ki leƙa ko ƙofa sai na dawo." Ta ce to. Amma zuciyarta na kan abu ɗaya: kwana huɗu da haihuwa, maijego ba ta kurɓi kunun kanwa ba. Ta dama, ta cika filas. Ta ɗaga labule, sai ta ga rana ta fito tar, bayan kwana da kwanaki ba a gan ta ba.

A nan ta kwafsa, kuma ko wane ne a cikinku da shi ma ya kwafsa. A wurinmu, in hantsi ya dubi ludayi sanyi ya karye, tsofaffi su fito jikin bango su sha rana. A can kuwa ranar da sama ta washe ita ce ranar da sanyi ya fi mugunta. Rana ce mai haske ba ɗumi. Tabawa ta yi alwala ta yi walaha, ta zura safa a kan ɗanyar ƙafa, ta saka silifas. Ƙatuwar rigar sanyin da aka saya mata ta bar ta a rataye, wai tana mai da ita buhun gawayi. Ta ja ƙofa, ƙofa ta kulle kanta, makulli yana aljihun rigar.

Wurin jiran bas wata 'yar rumfa ce ta gilashi a bakin titi. Ta iske ba kowa. An manna takarda cewa an dakatar da motocin layin saboda iskar da ke tafe, amma Tabawa ajami ta iya, ba boko ba. Ta tsaya. Ta ciro waya, sanyi ya kashe ta. Numfashinta ya daskare a bakin hijabi, gashin idonta ya fara mannewa. Ƙafafunta suka ɗauki zogi, can kuma suka yi shiru. Ta ce mini ba zogin ne ya tsorata ta ba, ɗaukewarsa ce. Ta duba ƙasa ta ga ƙafafu, amma ba ta jin nata ne. Ga kunu mai zafi rungume a ƙirjinta, ta ƙi sha, wai na maijego ne. Ni da na ji wannan ban san lokacin da na yi ashar ba.

Sai iska ta taso, tana kwasar dusar ƙanƙara daga ƙasa tana watsawa, har gidajen tsallaken titi suka fara ɓacewa. Rumfa ta kasa tare komai. Gida kuma a kulle. Ta hango wani tudun ƙanƙara da motocin sharar titi suke tarawa a gefen hanya, ta lallaɓa ta raɓe a gindinsa kamar mai fakewa a jikin danga. Nan barci ya zo mata, mai daɗi, irin wanda ba a tashi daga shi.

To, a unguwar akwai wasu mata uku, Hausawa, aminan juna: Barira, Suwaiba da Atika. Ga abin da kowacce ta yi.

Barira Bakanuwa ce, 'yar ficiciya, iska mai ƙarfi ma sai ta ɗauke ta. Ta zo gaida Tabawa da kwana, ta buga ƙofa shiru. Da wata ce, da ta juya ta ce tsohuwa na barci. Ita kuwa ta dubi ƙasa, ta ga sawun silifas a kan ƙanƙara, ta san a duk garin nan mutum ɗaya ce za ta yi wannan ɗanyen aikin. Ta bi sawun tana gudu, iska na share shi a gabanta. Daga rumfa ya ɓace. Ta yi ta kewaye tana kira, har ta ci karo da ita. Ta ja, ta kasa ɗagawa. Ta cire safar hannu don ta buga waya, yatsu suka ƙage, waya ta suɓuce ta nitse cikin ƙanƙara. Sai ta tuɓe rigar sanyinta ta lulluɓe tsohuwa, ta rungume ta. Da ta ga ido na rufewa, ta tuna wasan da ke tsakanin Kanawa da Zage-zagi, ta sa baki a kunnenta ta ce, "Haba Bazazzagiya, duk cika bakin naku a nan ya ƙare? Mutu mana, in je Zariya in ba da labari." Tabawa ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "'Yar nema." Haka Barira ta yi ta tsokanarta, tana kuka tana tsokana, don kada ta yi barci. Yanzu yatsunta biyu na dama sun yi baƙi, likita ya ce sai dai a jira ikon Allah.

Suwaiba gidanta na kallon rumfar. Tana wanke-wanke, iska ta ɗan lafa, ta hango launin atamfa a gindin tudun. Ta ɗauka tsumma ne iska ta kwaso, sai ta ga ya motsa. A lokacin kuma ta ji ruri. Motar kwasar ƙanƙara ce ta shigo layin, ƙatuwa kamar katafila, da faffaɗan ƙarfe a gaba tana ture ƙanƙarar titi zuwa gefe, kuma kan tudun nan za ta juye. Direba na can sama, gilashi ya yi fari, ba ya ganin abin da ke ƙasa. Suwaiba ba ta tsaya neman takalmi ba. Ta fizgi jan gyale ta faɗa tsakiyar titi tana kaɗawa tana ihu, ƙarar inji na haɗiye muryarta. Santsi ya kwashe ta, ta faɗi a kan hannu, ta ji ƙashi ya ce ƙas. Ba ta mirgina gefe ba. Daga kwancen ta ɗaga gyalen da ɗaya hannun. Mota ta ja birki tana zamewa, ta tsaya ƙarfen na taɓa zanenta. Direba ya sauko, ya kwashi matan ya kai su falon Suwaiba, ya buga wa motar asibiti waya. Aka ce masa hanya ta toshe, sai an jira.

Atika tana aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma maƙwabciyar Suwaiba ce. Ihun ne ya fito da ita. Ta shigo ta iske Tabawa kwance, leɓe ya yi shuɗi, ko rawar sanyi ta daina. Ta iske kuma an juye tafasasshen ruwa a bokiti, Suwaiba da hannu ɗaya tana jawo shi, Barira na laluben man zafi. Abin da muka gada ke nan: wanda sanyi ya kama a gasa shi, a murza shi. Har an kama ƙafar Tabawa za a tsoma. Atika ta yi tsalle ta ture bokitin, ruwan ya kwaranye a damtsenta. Suwaiba ta daka mata tsawa, "Kashe ta za ki yi? Sake mu!" Atika ta tsaya a tsakani ta ce, "Wallahi duk wadda ta taɓa ta sai ta bi ta kaina." Ta yanke jiƙaƙƙun kayan da almakashi, ta hana a murza ko yatsa ɗaya. Ta naɗe ƙirji da ciki da barguna, ta shige ciki ta manna jikinta da na tsohuwa, hannunta na saluɓewa ba ta ko duba ba. Ta ce a yi wa Barira haka ita ma. Kusan awa guda aminanta na hararar ta, ita kuma ta san in tsohuwar nan ta cika a hannunta, har abada za a ce ita ta hana a cece ta. Can Tabawa ta fara karkarwa. Atika ta fashe da kuka ta ce, "Alhamdu lillahi, ta dawo." Da aka samu aka kai su asibiti, likita ya ce da ƙafar ta shiga ruwan nan da ta dahu ba ta ji ba, kuma da wuya zuciyar ta ɗauki wannan zafin farat ɗaya.

Yanzu su huɗun suna asibiti ɗaya da maijego. Sabi'u ya so ya mayar wa jaririya sunan kakarta. Tabawa ta ce atafau. Ta ce ita wautarta ce ta jawo duk wannan, a sa wa yarinyar sunan wadda ta ceci ranta. Aka ce wacce a ciki? Ta ce a tambayi yayanta. Shi ne suka bugo mini jiya.

Na kwana ina juya abin. Ba don Barira ba, da barci ya tafi da ita tun kafin kowa ya sani. Amma Barira ba ta iya matsar da ita ko taku ɗaya ba, da an tono gawa biyu. Ba don Suwaiba ba, da mota ta binne su. Amma ita ce ta jawo bokitin da hannunta. Ba don Atika ba, da an kashe ta da gata. Amma Atika a ɗaki ta same ta, wasu ne suka shiga iskar.

Yau Alhamis. Jibi da safe liman zai raɗa suna, ragon na ɗaure. Jaririya ɗaya ce, sunan yanka kuma ɗaya ne, kuma gobe bayan Juma'a suke jiran wayata. To, jama'a, ga Barira, ga Suwaiba, ga Atika. Sunan wa zan ce a sa wa yarinyar nan?