Manomin da Ya Cinye Irinsa

Mama, Fasto Gayus ya ce ni zan riƙe ajinki na makarantar Lahadi wannan makon. Na ce masa karatuna bai kai ba, ni mai facin taya ne a bakin tasha. Ya ce, "Habila, shekara nawa ka yi kana jin uwarka tana koyarwa? Je ka shirya."

Wata biyu ke nan da muka binne ki, kuma kin san abin da ke cina. Shekara shida kina shan ƙwayar hawan jini ta asibiti kowace safiya. Ni ne na ji talla a rediyo, na sake ji a lasifikar masu magani a tasha, na sayo miki kwalbar da aka ce tana tumɓuke ciwon daga saiwa. Kika ce, "Ɗana ya kawo mini magani, ni kuwa in ƙi?" Kika ajiye ƙwayar. Bayan mako bakwai kika faɗi a bakin murhu. Jiya Maman Tabita, ƙawarki ta zumuntar mata, ta tambaye ni ko maganin nan na rediyo yana da kyau, don ita ma jininta yana hawa. Na ce kada ta saya. Ta ce don me, na kawar da zancen. To, na shirya wa yaran misali yadda kike yi. Saurara ki ji ko ya yi.

Akwai wani mutum manomi, yana da irin dawa da ya gada daga ubansa. Kowace kaka yakan zaɓi zangarniyoyi masu kyau, ya ɗaure, ya rataye a rufin ɗakin girki, daidai inda hayaƙi ke tashi, gama ƙwaro ba ya son hayaƙi. Kafin damina ta zagayo irin ya yi baƙi ƙirin, ba kyan gani. Amma irin nan ya san garin. Ya san ruwansu gajere ne, don haka yakan yi sauri ya nuna kafin ruwa ya ɗauke. Gidan mutumin bai taɓa kwana da yunwa ba.

Wata ranar kasuwa sai ga baƙo mai sayar da sabon iri, da mota da lasifika. A jikin motar akwai hoton zangarniya mai tsawon hannun mutum, da wani manomi cikin farar riga yana dariya, ba ko ɗigon ƙasa a jikinsa. Baƙon yana cewa, "Manomi, har yaushe za ka yi ta noman kakanka? Duniya ta wuce ta bar ka. Leda ɗaya, rumbu uku. Saura kaɗan, gobe ba ma nan."

Mutumin ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa. A karo na uku ya saya.

Da ya isa gida ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya ce wa matarsa, "Dubi abin da muke shukawa, sai ka ce gawayi."

Ta ce, "Maigida, shekara ashirin yana nan da baƙinsa. Kasuwa ce ta sayar maka da sabon ido?"

Ya ce, "Sauke shi ki surfa, a yi tuwo."

"A bar ko ɗauri ɗaya mana."

"Ba na so in ƙara ganinsa."

Aka sauke, aka surfa, aka ci. Tuwon yana ɗan warin hayaƙi.

Maƙwabciyarsa, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ta ce masa, "Ɗana, shuka kunya biyu ka gani tukuna."

Ya yi dariya ya ce, "Iya, kin ga hoton kuwa?"

Ta ce, "Na ga hoto. Gonar ce ban gani ba."

Ruwa ya sauka, ya shuka gonarsa duka da sabon iri. Dawa ta tashi kore shar, ta fi ta kowa tsawo, masu wucewa suna tsayawa kallo. Ashe irin na ƙasar da ruwa ke daɗewa ne. Ruwa ya ɗauke a lokacin da ya saba. Dawar maƙwabta ta riga ta fid da kai ta nuna, tasa kuwa ganye take ta yi. Da kaka ta yi, kara ya yanka. Ya koma kasuwa neman baƙon, ya tarar da mai tumatir a wurin.

Da wata damina ta zo ba shi da abin shukawa. Tsohuwar nan ta sauko da nata daga rufi, ta cika masa ƙwarya. Baƙi ne kamar wanda ya cinye. Ya karɓa da hannu biyu.

Ma'anar wannan misali ita ce, yara: baƙin irin nan shi ne duk abin da Ubangiji ya riga ya sa a gidanku yana riƙe ku ba da surutu ba. Abincin da uwarku ta dafa, takalmin da bai tsinke ba, maganin da likita ya rubuta wa kakarku. Baƙon kuwa shi ne talla, ko a rediyo, ko a bango, ko a wayar babanku. Ku lura, kafin ya sayar wa mutumin nan da iri, sai da ya fara sa shi ya raina nasa. Haka talla take aiki. In kun wayi gari kuna jin kunyar abin da jiya ba ku ji kunyarsa ba, ku tsaya ku tambayi kanku wa ya yi muku magana a tsakani.

Ba kowane sabon abu ne mugu ba. Amma wanda ya ce muku gobe ba ya nan, ku ce masa ku kuna nan, ku bari wata kasuwar ta zagayo. Ku nemi wanda ya yi amfani da abin, wanda kun san sunansa da ƙofar gidansa, ba muryar da ke yabo a rediyo ba. In gwaji ne, kunya biyu ta isa. Magani kuwa ba a gwada shi ko da kunya ɗaya sai an tambayi likita, gama gonar jiki ɗaya ce tak. Kuma kada ku taɓa cinye tsohon iri kafin sabon ya nuna. Ku je ku faɗa wa iyayenku haka yau.

Nan zan tsaya da su, Mama, mu yi addu'a. Na san misalin daidai ne, ba na shakka. Sai dai manomin ya sami mai cika masa ƙwarya, ni kuwa ba rufin da za a sauko mini da ke.

Ranar da muka kai ki asibiti likita ya tambaya yaushe kika daina shan ƙwayarki. Yaya Bilhatu ta ce, "Ba ta taɓa fashi ba, likita." Ina tsaye kusa da ita, ban gyara maganarta ba. Har gobe haka ta sani. Misali ya ishi yara, amma ba zai hana Maman Tabita sayen kwalba ba, sai ta ji sunanki da nawa a ciki. Ran Asabar zan je wurin Yaya in faɗa mata da bakina, ta yi mini duk abin da za ta yi. Ran Lahadi bayan sujada in tari Maman Tabita a bakin coci. Zan yi, Ubangiji yana ji na.

Yau dai Alhamis ce, Mama, kuma har yanzu ban gaya wa kowa ba.